Kansar Bututun Mama: Yadda Ake Gano Ta Da Wuri Da Yadda Ake Maganinta A Kano

Kansar mama, wadda wasu ke kira sankarar mama, mutanen cikin Birnin Kano kuma suka fi sani da daji, ita ce kansar da ta fi kama mata a Najeriya, kuma ita ta fi hallaka su. Ƙididdigar cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 ne aka gano suna da cutar a faɗin duniya, wajen 670,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai, a wannan shekarar, an ƙiyasta sababbin kamuwa sama da 32,000 da mace-mace sama da 16,000.

Mafi yawan wannan cuta daga wuri guda take farowa, wato daga cikin siraran bututan da ke kai ruwan nono zuwa kan mama. Ita ce likitoci ke kira daktal kasinoma. Muddin aka same ta tana cikin bututun, ko ta fito amma ba ta yi nisa ba, tana daga cikin kansar da aka fi samun nasarar warkarwa. Abin da ya fi raba matar da ta rayu da wadda ta rasu shi ne lokacin da kowacce ta isa gaban likita.

Inda cutar ke farowa

A cikin mama akwai curi-curi 15 zuwa 20 na tsokar da ke samar da ruwan nono, kowanne da bututunsa, sauran kuma kitse ne da jijiyoyi. Cikin kowane bututu a shafe yake da ƙwayoyin halitta da ke tsufa su mutu, wasu su maye gurbinsu. Kansa na farowa ne lokacin da wasu daga cikin ƙwayoyin suka lalace, suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa.

Idan lalatattun ƙwayoyin na nan cikin bututu, ba su fasa bangonsa ba, ana cewa cutar na mataki na sifiri, kuma a takardar sakamako za a ga haruffan DCIS. A wannan hali ba ta da hanyar bazuwa zuwa sauran jiki. Galibi ba ta da ƙulluto, ba ta da ciwo, sai dai a gan ta a hoton mamogiram kamar ɗigo-ɗigon farar ƙasa, wani lokaci kuma ta fito da jini ta kan mama. A Amurka, inda mata ke yin hoton a kai a kai, kusan ɗaya cikin biyar na kansar maman da ake ganowa a wannan mataki ake samunta. A Kano da sauran garuruwan Arewa ba kasafai ake cin karo da ita a haka ba, domin kaɗan ne ke yin hoto alhali ba su jin komai.

Idan kuwa ƙwayoyin sun fasa bangon sun shiga naman mama, ta zama kansa mai kutse, wadda ake rubutawa IDC. Ita ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na duk kansar mama mai bazuwa. Daga nan takan bi magudanan ruwan jiki zuwa kaluluwar hammata, in an ƙyale ta kuma ta kai ga ƙashi da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa.

Likitoci na auna nisan cutar da matakai. A mataki na ɗaya ƙarin bai wuce santimita 2 ba, wato kamar girman kanya, kuma bai kama hammata sosai ba. A mataki na biyu yakan kai tsakanin santimita 2 zuwa 5, kusan girman ƙwan kaza, ko kuma ya taɓa 'yan kaluluwa kaɗan. Waɗannan biyun, tare da mataki na sifiri, su ake nufi da matakin farko. A mataki na uku cutar ta kama fata ko bangon ƙirji ko kaluluwa masu yawa. A na huɗu ta isa wasu sassan jiki, kuma a lokacin aikin magani shi ne rage raɗaɗi da tsawaita kwana cikin sauƙi.

Wa take kamawa?

Kowace mace na iya kamuwa, kuma haɗarin na ƙaruwa da shekaru. A asibitocin Najeriya an fi ganinta a mata 'yan shekara arba'in da wani abu, wato ƙasa da shekarun da aka fi ganinta a Turai, kuma ba abin mamaki ba ne a same ta a mace 'yar talatin mai goyo. Maza ma na kamuwa, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin 100 na masu cutar ba.

Gado na da hannu a kashi 5 zuwa 10 cikin 100, musamman ta ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995. Saboda haka matar da mahaifiyarta ko 'yar uwarta ko 'yarta ta yi cutar, ya kamata ta sanar da likita, ta kuma fara bincike tun da sauran ƙuruciya. Gadon na iya biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa. Ƙiba bayan daina al'ada, rashin motsa jiki, shan barasa, fara al'ada da wuri da jinkirin ɗaukewarta duk suna ƙara haɗari.

Shayarwa na ragewa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya nuna cewa kowace shekara guda ta shayarwa na rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. To amma ragewa ce kawai. Matar da ta haifi goma ta shayar da su duka na iya kamuwa, kuma da yawa daga masu cutar ba a samun wani dalili a tare da su. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ta bin kwano ko tufafi ko shimfiɗa, kuma ajiye kuɗi ko waya a rigar mama ba ya kawo ta.

Alamomin da ba a jira da su

Alamar da aka fi gani ita ce ƙulluto mai tauri a cikin mama ko a hammata, wanda sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan. Wannan rashin ciwon shi ke yaudarar mata, su ce ai ba ya damunsu. Sauran alamomin sun haɗa da lotsawar fata ko ta koma kamar ɓawon lemo, shigewar kan mama ciki alhali da ba haka yake ba, fitar jini ko ruwa daga mama ɗaya ba tare da an matsa ba, ƙuraje ko saɓa a kan mama da suka ƙi warkewa, sauyin girma ko siffar mama ɗaya, da gyambon da ya ƙi jin magani.

Mafi yawan ƙullutun da ake samu a mama ba kansa ba ne. 'Yan mata kan sami wani mai santsi da ke zillewa ƙarƙashin yatsa, masu jego kuma kan yi fama da toshewar nono ko ƙurji mai zafi da zazzaɓi. Sai dai hannu kaɗai ba ya bambancewa, ko da na likita ne. Kumburin mai shayarwa da bai sauka ba bayan mako ɗaya ko biyu ana shan magani, shi ma yana buƙatar a sake dubawa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana so kowace mace ta san yadda mamanta yake, ta riƙa dubawa sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta yi wankan tsarki, ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannuwa, sannan ta kwanta ta shafa ko'ina da tafin yatsu uku har zuwa hammata. Wadda ta daina al'ada sai ta tsayar da rana guda a kowane wata.

Yadda ake tabbatarwa

Bincike hawa uku ne, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Na farko, likita ya yi tambayoyi ya duba da hannu. Na biyu hoto: mace 'yar ƙasa da shekara 40 an fi yi mata sikanin, domin naman mamanta na da kauri, wadda ta kai 40 kuma a yi mata mamogiram, sau da yawa a haɗa da sikanin ɗin. Sakamakon hoton kan zo da lamba. Ɗaya ko biyu na nufin babu abin damuwa, uku na nufin a dawo bayan wata shida, huɗu ko biyar kuma na nufin lallai a ɗebi tsoka.

Hawa na uku shi ne ɗibar tsokar. Ana kashe zafin wurin da allura, a sa wata allura mai rami a gutsuro 'yan zarurrukan nama, a kai ɗakin gwaji. Aikin ba ya wuce rabin awa, kuma a ranar ake komawa gida. Wannan gwaji kaɗai ke tabbatar da kansa, shi ke faɗin ko tana cikin bututu ko ta fito, da kuma saurin girmanta.

Akwai ƙarin gwaji a kan tsokar da bai kamata a bari ba, ko da ya ƙara kuɗi. Shi ke nuna ko ƙarin na cin abinci daga sinadaran mace na estirojin da furojestaron, da ko yana ɗauke da furotin mai suna HER2, wanda ake samu a kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun ya fi saurin girma, kuma ƙwayoyin haɗiya ba sa yi masa aiki. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka buga a 2009 ya nuna cewa wannan nau'i na da yawa a tsakanin matan Najeriya da Senegal. Ba tare da wannan gwaji ba, mace na iya shafe shekaru tana haɗiyar maganin da ba na cutarta ba. Don haka duk ƙarin da aka cire daga mama, ko a wane asibiti ne, wajibi ne a sa shi cikin ruwan adanawa nan take a aika gwaji, kada a ba dangi su binne.

Hanyoyin magani

Tiyata ce ginshiƙi a matakin farko. Tun daga shekarun 1890, lokacin da likitan Amurka William Halsted ya yaɗa salonsa, har kusan shekara tamanin, abin da aka sani shi ne a cire mama ɗungurungum da naman ƙirji da ke ƙarƙashinsa. Binciken Umberto Veronesi a Milan ta Italiya a 1981, da na Bernard Fisher a Amurka a 1985, su suka sauya lamarin. Sun nuna cewa idan ƙarin ƙarami ne, cire shi kaɗai da ɗan naman da ke kewaye, sannan a bi da gashi, na ba mace tsawon rai daidai da cire maman baki ɗaya. Bayan shekara 20 ana bibiyar matan, sakamakon da aka buga a 2002 bai sauya ba.

Ke nan matar da ta zo da wuri na iya tsira da ranta da mamanta. Ana cire duka ne idan ƙarin ya yi girma, ko yana wurare da yawa, ko babu halin zuwa gashi, ko kuma ita ta zaɓi haka. A yayin tiyatar kansa mai kutse ana duba hammata. Inda akwai kayan aiki, akan sa launi a gano kaluluwar farko da ruwan mama ke isa gare ta, in ba ta kamu ba a bar sauran, abin da ke rage kumburin hannu daga baya.

Gashi shi ne haska wurin da na'ura don ƙone ɓurɓushin da ido bai gani ba. Ba wuta ake sawa ba, kuma ba a jin zafi lokacin da ake yi. Ana yinsa Litinin zuwa Juma'a na tsawon mako 3 zuwa 6, kowace rana 'yan mintoci. Ga mai DCIS, yana rage dawowar cutar a wannan maman da kusan rabi.

Kemoterafi kuwa ruwan magani ne da ake sawa ta jijiya, zagaye 4 zuwa 8, mako biyu ko uku tsakani. Ana iya farawa da shi kafin tiyata don ƙarin ya motse. Yana zubar da gashin kai, yana kawo tashin zuciya da kasala da raunin garkuwar jiki, amma gashin na dawowa bayan an gama, kuma akwai magungunan hana amai. Zazzaɓi a lokacin kemo lamari ne na gaggawa, ba a jira gari ya waye. Mai DCIS zalla ba ta buƙatar kemo.

Idan ƙarin mai cin sinadaran mace ne, ana ba da ƙwayar tamoksifen kullum na shekara 5 zuwa 10, waɗanda suka daina al'ada kuma a ba su letirozol ko anastirozol. Ba a ɗaukar ciki ana shan tamoksifen. Mai HER2 ana yi mata allurar tirastuzumab, wadda aka amince da ita a Amurka a 1998, duk mako uku har shekara guda. Tana da tsada ƙwarai, amma ta sauya makomar masu wannan nau'i.

Juna biyu ba ya hana magani. Ana yin tiyata da ciki, ana iya ba da kemo bayan wata uku na farko, gashi da tamoksifen ne ake jinkirtawa sai an sauka. Mata da yawa sun haihu bayan sun gama magani, sun kuma shayar da ɗaya maman.

A ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki sama da kashi 90 cikin 100 na masu kansar mama na wuce shekara biyar da rai. Ga masu DCIS, wani babban nazari na Amurka da aka buga a 2015 ya nuna cewa kimanin uku ne cikin 100 cutar ta yi ajalinsu cikin shekara 20.

Abin da ke jawo jinkiri a cikin Birni

Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu na mata baƙar fata sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. A cikin ganuwar Kano ba nisa ne ke kawo haka ba. Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, wanda aka kafa tun a shekarun 1920, yana dab da Ƙofar Mata, kuma daga Yakasai ko Koki ko Mandawari tafiyar 'yan mintoci ce a Adaidaita Sahu.

Babban shingen shi ne tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar an yi masa allura ko an sa wuƙa sai ya fusata ya bazu. Asalin maganar ba ɓoyayye ba ne. Matar da aka kai asibiti bayan cutar ta gama jiki, aka yi mata aiki ta rasu, sai dangi su ɗora wa wuƙa laifin da na jinkiri ne. Allurar ɗibar tsoka ba ta yaɗa kansa. Abin da ke ba ta damar yaɗuwa shi ne watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙen da aka sayo a Kasuwar Kurmi ko wajen masu tallar magani a mota. Sakiya da tsagar wanzami kuwa gyambo suke buɗewa, su jawo ruɓa, ƙarin na nan yana girma a ƙarƙashi. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Sai kunya. Mace kan yi wata da watanni ba ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba, balle ta buɗe ƙirji gaban namiji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma tana da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ta, ko a sa mace ta tsaya a ɗakin. Akwai kuma fargabar abin da zai biyo baya a gidan aure, musamman inda akwai abokiyar zama. A nan nauyin na kan maigida, domin sau da yawa izini da kuɗin mota da sa hannu a takardar tiyata duk a wajensa suke. Mijin da ya ce a bari a gani, ko ya hana a cire mama, yana iya zama sanadin marayun 'ya'yansa.

Na ƙarshe shi ne kuɗi. Yawancin iyalai daga aljihu suke biya, kuma da yawa kan fara kemo su tsaya a zagaye na biyu ko na uku. Maganin matakin farko ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, domin wani lokaci tiyata da gashi da ƙwaya sun wadatar.

Inda za a nufa

Matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa, a nemi a duba, a kuma nemi takardar turawa zuwa sashen tiyata. A Kano, Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, na da likitocin tiyata, kuma a na Malam akwai sashen gwajin tsoka da cibiyar hotuna da gwaje-gwaje da Hukumar Zuba Jari ta Ƙasa ta gina. Don gashi, an daɗe ana tura marasa lafiyar Kano zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yana da kyau tun kafin tiyata a tambayi likita inda za a yi gashin da lokacin da layi zai kai, domin amsar na iya sauya irin tiyatar da ta dace.

Gwamnatin Tarayya na da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin koyarwa ne ke bayanin yadda ake nema. Masu rajista da inshorar lafiya ta ƙasa ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano su tambayi abin da tsarinsu ya ƙunsa. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda a 2024 aka zaɓa shugaba mai jiran gado ta Ƙungiyar Yaƙi da Kansa ta Duniya. A watan Oktoba na kowace shekara, da ranar 4 ga Fabrairu, akan shirya gangamin duba mata kyauta ko a farashi mai rahusa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mace-macen kansar mama da kashi 2.5 cikin 100 a kowace shekara, da fatan ceto rayuka miliyan 2.5 kafin 2040. Ta kafa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. Ma'auni na biyu aikin gwamnati ne da asibitoci. Na farko da na uku kuwa a cikin gida ake yanke su, tsakanin mace da mijinta da iyayenta, tun daga ranar da yatsanta ya taɓa abin da da babu shi.